Fatihar da Ta Rufe Bakin Baba Tanko

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake riƙe ruwa a sama har sa'ar da Ya ga dama, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Bazarar bana ta yi tsawo. Duwatsun da suka kewaye Dutse suna shan rana tun hantsi, idan magariba ta yi sai su riƙa mayar mana da zafin, mutum yana zaune a ƙofar gidansa kamar an ajiye shi kusa da murhu. Rijiyar masallacinmu ta ja baya, guga yana dawowa rabi ruwa rabi laka. A cikin wannan hali takarda ta zo daga ƙaramar hukuma, cewa daga yanzu kowace unguwa za ta kafa kwamitinta, ta yanke wa kanta abin da ya shafe ta: inda za a haƙa famfo, layin da za a fara gyarawa, da yadda za a yi da irin shukan da hukuma ke bayarwa gabanin damina. An karanta takardar bayan la'asar. Matasa suka yi murna, wasu har da tafi a harabar masallaci, sai da ladan ya tsawatar musu.

Ni ma ban ƙi abin ba. Na daɗe ina karantar da cewa shawara ibada ce, kuma mutanen wuri sun fi na ofis sanin ƙasarsu. Amma da mai karatun ya kai kan maganar iri, sai na tuna baya. An taɓa ba mu irin wannan dama sau ɗaya, fiye da shekara arba'in da suka wuce, kuma ni ne na rufe taron da aka yi a kanta.

A lokacin wannan unguwa tamu ƙauye ce mai zaman kanta, tsakaninta da Dutse tafiyar hantsi ce a ƙafa, ta cikin gonaki da giginya. Shekarar da ta gabaci wadda nake magana, fari ya same mu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, dawa ko kai ba ta fitar ba. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun yi fayau. Ina tuna ranar da mahaifiyata ta shiga cikin rumbunmu da tsintsiya, ta share ƙasansa, ta fito da abin da bai cika ƙwarya ba, haɗe da ƙasa da kashin ɓera. Ta zauna ta tsince shi ƙwaya ƙwaya. Daga nan muka koma ga dusa da garin rogo, da busasshen ganyen tafasa, da ɓawon goruba. Wanda ya samu kunun tsamiya mai ɗan kauri, ya ci abinci a ranar. Irin da kowane gida ya saba ɓoyewa a tukunya, a gauraya shi da toka a liƙe bakin da laka, shi ma ya bi ta cikin tukunyar tuwo. Ba wanda ya faɗa wa maƙwabcinsa ranar da ya fasa tasa tukunyar, amma kowa ya sani.

Sai azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara. Sahur ruwa ne da ɗan abin da ya kwana. Kafin azahar harshe ya manne da ganɗa, mutane sun kwanta a inuwar zaure sun jiƙa zane sun rufa, ba mai iya doguwar gaisuwa. Mata sukan tafi rijiya tun bayan asuba su bi layi, domin ruwan yana tsattsafowa ne a hankali, sai an jira ya taru. Awaki sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga neman ilimi a Kano ba. Na sha littattafan fiƙihu da nahawu a zaurukan malamai, na dawo da rawani da sabon aure da kuma yarda da kaina fiye da yadda ya kamata. Limaminmu ya tsufa, ƙafa ta hana shi fita, sai ya wakilta ni in riƙa jan salla da rufe taruka da addu'a. Malam Ƙarami ake ce mini.

A makon farko na azumi malamin gona ya zo a kan babur, wata akori-kura tana bin sa da buhunan gero da dawa. Can baya, idan hukuma za ta taimaka da iri, tana riƙe shi ne a ma'ajiyarta har damina ta zauna, sannan a rabo shi ƙauye ƙauye. Saboda nisa da rashin hanya yakan iso mana a makare, mun kuma sha yin ƙorafi a kan haka. Wannan karon malamin ya sauka, ya gaida Mai unguwa Baba Sale, ya ce:

“Ranka ya daɗe, an ji kukanku. Bana an ce a kawo wa kowane gari nasa tun da wuri, mutanen gari su zauna su yanke yadda za su yi da shi. Ku kuka san ƙasarku. Sai dai ku sani, wannan shi ne duka rabonku, babu wani a baya.”

Aka jibge buhunan a zauren Mai unguwa. A ranar ban ga wanda ya wuce ta ƙofar bai rage tafiya ba. Ƙamshin tsabar gero yana fitowa har waje, ga mutane da azumi a baki, ga yara a gida suna kuka.

Dole in bayyana wata al'ada tamu, domin a kanta komai ya rataya. A wurinmu, idan magidanta suka taru a kan wata magana, ana tattaunawa har sai babba ya ce a shafa Fatiha. Da zarar an ɗaga hannu an karanta an shafa, magana ta mutu. Ba mai sake tayar da ita, ko a wurin ko a bayan fage, domin ana ganin wanda ya yi haka ya warware abin da aka ƙulla da sunan Allah. Da wannan al'ada muke kashe rigimar iyakar gona da ta gado, ta kuma yi mana amfani ƙwarai. Sai dai ni, da na karanta, na san babu inda shari'a ta ce Fatiha tana hana a gyara kuskure. Na sani, ban taɓa faɗa musu ba, saboda ina jin daɗin cewa bakina ne makullin taro.

Washegari da hantsi aka taru a gindin tsamiyar ƙofar Mai unguwa. Zaman yana da tsarinsa, ko da ba a taɓa rubuta shi ba. Dattawa masu manyan gidaje suna kan tabarma a gaba, inda inuwa ta fi kauri. Na bayansu suna kan buzu ko takalmansu. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa suna can gefe a kan saiwoyi, inda rana ke fara cimmawa. A can gefen Baba Tanko yake zaune.

Baba Tanko dogon mutum ne siriri, ya haura sittin, gonarsa ɗaya tak a gindin dutse, jigawa ce mai yashi wadda ya gada daga mahaifinsa. Yana zaune da matarsa Inna Hansai da 'ya'ya mata biyu da jikoki uku da babban ɗansa ya bar masa ya tafi cin rani. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana noma a wajen Garki, inda ruwa ya fi namu rowa. Mutum ne mai nauyin baki. Ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, har abokan wasansa suna cewa sai ya nemi izinin maƙogwaronsa tukuna. Duk garin an san wannan gyaran murya, an kuma san ma'anarsa.

Mai unguwa ya buɗe magana. Ba azzalumi ba ne, Allah Ya jiƙansa, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce:

“Jama'a, kun ga abin da ke zaurena. Ni tsoronsa nake ji. In na raba muku shi yau, ku gaya mini gaskiya, nawa ne zai kai damina?”

Ɗan'azumi mahauci, wanda ba ya barin taro ya wuce bai ba da dariya ba, ya ce, “Ranka ya daɗe, nawa dai ko ƙofar gida ba zai kai ba. Matata tun jiya ta wanke turmi.”

Aka yi dariya irin ta masu yunwa, gajera.

“To kun ji,” in ji Mai unguwa. “In kuma na riƙe shi a nan, ba zan iya kallon idon mai jego in hana ta ba. Shawarata ita ce mu yi binne. Mu haɗa gayya mu zuba shi duka a ƙasa tun yanzu, inda baki ba zai kai gare shi ba. Ruwan farko na sauka, shukarmu ta tashi, mu riga kowa cin tumu.”

Binne shi ne a yi shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, iri ya kwanta yana jira. Ba baƙon abu ba ne, iyayenmu suna yi. Amma suna yi ne alhali akwai wani irin a tukunya. Dattawan kan tabarma suka bi bayan Mai unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ambaton tumu, wato ɗanyen geron da ake gasawa tun kafin girbi, ya sa na ga maƙogwaron mutane yana motsi. Rana ta fara cin gefen taron. Mai unguwa ya juyo gare ni ya ce, “To Malam Ƙarami, tun da baki ya zo ɗaya, a shafa mana Fatiha.”

A daidai nan na ji gyaran muryar Baba Tanko, na farko.

Ba zan ce ban ji ba, domin zan tsaya gaban Wanda ya san na ji. Na ɗaga ido na gan shi ya gyara zama, ya dafa gwiwa, yana shirin miƙewa. Abin da ya wajaba a kaina bai wuce kalma biyar ba: ranka ya daɗe, akwai magana. Amma Mai unguwa ya riga ya buɗe tafukansa, dattawa sun bi shi, ƙishirwa tana damuna, kuma ina jin nauyin a ce yaron da aka ba wa limanci jiya ya tsayar da babba saboda mutumin kan saiwa. Na sunkuyar da kai na fara karatu. Gyaran murya na biyu ya faɗo a cikin karatuna. Da na ɗago, sai na ga Baba Tanko ya koma ya zauna, hannuwansa a sama tare da na kowa. Ya shafa, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Kwana uku muka yi muna gayya. Saboda azumi babu kiɗa, babu waƙa, babu furar da aka saba kawo wa masu aiki. Muna idar da asuba sai mu fita, maza a gaba a jere da sungumi suna sara, mata da manyan 'ya'ya a baya da ƙwarya, suna jefa iri suna rufewa da diddige. Har yau ina jin ƙarar sungumin nan a kan busasshiyar ƙasa, ba irin lallausar ƙarar da yake yi bayan ruwa ba, wata ƙara ce kamar ana dukan ƙashi. Ramin yana rufe kansa da yashi kafin mai jefa iri ta iso. Kafin rana ta take, ƙasa ta yi zafin da ba a iya taka ta, sai mu janye zuwa inuwar gawo mu kwanta kamar gawarwaki har la'asar, sannan mu koma. Mutum biyu sun faɗi a rana ta biyu, na ba su fatawar su sha ruwa su rama daga baya. Na ga wata tsohuwa ta kai ƙwayar gero bakinta ba da saninta ba, ta tuna, ta tofar a rami ta rufe.

Gonar Baba Tanko ce ta ƙarshe. Shi da kansa ya karɓi ƙwaryar ya jefa nasa rabon, bai rage ko cikin tafi ba. Da aka gama, aka kakkaɓe buhunan a kan tabarma, abin da ya zubo aka yi wa masu jego kunu da shi.

Daga nan sai kallon gabas. Kullum da la'asar gajimare yakan taru a bayan duwatsu, ya yi duhu, ya yi ta walƙiya daga nesa, kafin isha ya watse. Zabi da kurciya suka gano gonakin, muka riƙa zaman kora. A cikin goman ƙarshe na azumi, wata ranar da yamma, iska ta juyo da sanyi, hadari ya haɗo, aka yi tsawa biyu, ruwa ya sauko. Mata suka fito da ƙore da tukwane, yara suka yi ta tsalle a tsakar gida, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari har mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Bai kai tsawon salla raka'a huɗu ba ya ɗauke.

Da safe na fita duba gonarmu ina ta hamdala. A hanya na tarar da Baba Tanko a tsugune a tsakiyar tasa. Na yi masa sallama, na ce, “Baba, barka da ruwa.”

Bai amsa barkar ba. Ya soka yatsansa a ƙasa ya zaro ya nuna mini. Danshin ya tsaya a gaɓar farko, daga nan zuwa ƙasa busasshen yashi ne fari.

Ya yi gyaran muryarsa sau biyu, wannan karon na jira. Ya ce, “Malam, wannan ya isa ya tashe shi daga barci. Bai isa ya shayar da shi ba. Na ga irinsa a Garki. In wani bai biyo baya cikin mako ba, abin da muka binne mun binne shi ke nan.”

Na ce, “Abin da ka so faɗa ke nan ran taro?”

“Na so in ce a binne rabi. Rabin a zuba a tukwane da toka a liƙe, a ajiye a cikin masallaci. Mai yunwa zai iya fasa zauren Mai unguwa, amma ba zai fasa ɗakin Allah ba.”

Na ce, “Baba, me ya hana ka faɗa ko bayan an tashi? Kwana uku muna aiki, da ka je ka sami Mai unguwa.”

Ya dube ni da mamaki, kamar na tambaye shi me ya sa bai sha ruwa da rana ba. Ya ce, “An shafa Fatiha, Malam. Kai ka karanta ta. Ni wane ne?”

Bai faɗa da zargi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Cikin kwana uku gonaki suka yi kore. Ban taɓa ganin tsiro mai kyau kamar wannan ba, layi layi har gindin dutse. Aka yi sallar idi a cikin farin ciki, mutane suna yi wa Mai unguwa barka, wasu suna cewa ƙauyukan da suka riƙe irinsu za su zo sayen tumu a wurinmu. Mako ya cika babu ruwa. Tsiron ya fara naɗe ganye da rana yana warwarewa da yamma, daga baya ya daina warwarewa. Muka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara da dabbobi, muka juya rigunanmu, na ja salla ina kuka, mutane suna zaton tsoron Allah ne kaɗai ya sa ni kukan. Muka sake fita, muka kuma sake. Sama ta zama fara fat kamar faranti. A mako na uku, idan ka murza tsiron a hannu sai ya zama gari. Iskar rana ta kwashe shi, gonaki suka koma yadda suke kafin gayya, sai ka rantse ba a taɓa sara su ba.

Sannan ruwan gaske ya zo, kamar wata guda bayan na farko. Ya kwana ya wuni, kududdufai suka cika, kwaɗi suka yi ta kuka, ƙasa ta jiƙu har kamu biyu. Ƙauyukan kewaye suka fita shuka. Mu muka tsaya a bakin gonakinmu hannu wofi muna kallon ƙasa mai kyau. A ranar babu wanda ya yi wa wani barka da ruwa.

Mai unguwa ya ɗauke ni da dattawa biyu muka taka har Dutse wurin malamin gona. Ya karɓe mu da mutunci, ya buɗe ma'ajiyar ya nuna mana, babu komai sai tsummokaran buhu. Ya ce, “Ranka ya daɗe, na gaya muku babu wani a baya. Da yana hannuna da yau na ba ku. Amma ku aka bar wa.” Muka kamo hanyar gida. Da can idan iri ya makara muna da wanda za mu zaga. A ranar babu kowa sai mu.

Kowa ya bazama neman iri wurin dangi. Masu surukai a garuruwan da suka tsira sun samo mudu ɗaya, mudu biyu. Baba Tanko ya ja akuyarsa ta ƙarshe a ƙafa har Buji, ya musanya ta da 'yar dawa, ya dawo bayan kwana biyar ƙafafunsa a kumbure. Ya shuka, amma lokaci ya ƙure, ga gonarsa yashi ce mai saurin sakin ruwa. Damina ta ɗauke dawar tana cikin fitar da kai. Abin da ya girba jaki ɗaya ya kwashe shi a tafiya guda.

Bayan kaka ya zo ya same ni a zaure, ya ce za su tafi wajen Haɗeja, an ce ana samun aikin fadama da na masunta. Na ce ya dakata, za a san abin yi. Ya ce jikokinsa ba za su kai wata bazarar ba a nan. Sai ya ce, “Malam, a yi mana Fatiha ta tafiya.” Na ɗaga hannu na kasa fara karatu, sai da shi ya fara na bi shi. Na raka su har bayan gari. Inna Hansai tana ɗauke da tukunyar irinsu a ka, wofi, ta ƙi barin ta. Ba su dawo ba. Bayan shekara biyu muka ji rasuwarsa. Ɗakunansa suka rushe a damina ta uku, yau kuwa shaguna ne a kan gonar, ana sayar da siminti.

A Asabar ɗin da ta wuce kwamitin unguwarmu ya yi zamansa na farko, a wani aji na makarantar firamare, inda aka jibge buhunan irin bana. Abubuwa sun canza. Akwai kujerun roba, akwai lasifika, akwai ruwan leda mai sanyi. Shugaban kwamitin, Alhaji Sabo, jikan Mai unguwa Baba Sale ne, mutumin kirki mai son a gama abu da wuri. Amma da na duba zaman sai na gane shi. Masu hali suna gaba a ƙarƙashin fanka, masu ƙaramin ƙarfi suna baya a tsaye jikin bango. Takardar hukuma ta ce a sa mata biyu a kwamiti, an kuwa sa, sai dai kunya ta hana su shiga cikin maza, suka shimfiɗa tabarma a waje ƙarƙashin taga.

Wani matashi ya ɗaga wayarsa ya ce masana sun yi hasashen ruwa zai sauka da wuri. Wani ya ce abinci ya yi tsada, in aka raba irin gida gida rabinsa kasuwa zai tafi, rabi tukunya. Alhaji Sabo ya ce to a yi binne gaba ɗaya a wuce wurin. Aka ce an yarda. Ya juyo gare ni ya ce, “Allah gafarta Malam, a rufe mana da Fatiha, rana ta yi.”

Na ɗaga hannuwana zuwa rabi. Kunnena ya yi nauyi yanzu, sai an ɗaga murya nake jin gaisuwa. Amma shekara arba'in ke nan ban taɓa fara Fatihar taro ba sai na saurari bayan ɗaki. Daga ƙarƙashin tagar nan na ji ɗan tari, irin wanda ba na mura ba.

Na sauke hannuna. Na ce, “Alhaji, akwai magana a waje.”

“Malam, ai an gama,” in ji shi. Wani daga gaba ya ce, “Tari ne fa kawai, Baba. Ko a kawo mata ruwa?” Aka yi dariya.

Na ce, “Ba zan karanta ba sai na ji ta. Kuma ku ji daga bakina yau, tun da ban faɗa wa kakanninku ba: ko an shafa Fatiha, wanda ya ga kuskure wajibi ne ya faɗa. Ba a saukar da ita don ta rufe bakin kowa ba.”

Mai tarin Iya Mairo ce, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gona ɗaya da take nomawa da kanta. Ba ta shigo ba, ta tagar ta yi magana. Ta ce, “Ku gafarce ni, iyayena. Ni dai tambaya ce. In wayar ta yi kuskure, ita za ta ba mu wani irin?”

An kai azahar ana gardama. Wasu sun fita cikin fushi, na ji wani yana cewa tsufa ya fara taɓa Malam. Daga ƙarshe aka tsaya a kan a binne rabi, rabin a kulle shi a ɗakin ajiyar masallaci, makulli ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun Iya Mairo. Sannan na karanta Fatiha, a hankali, ina saurare har na kai ƙarshe.

An yi binnen ranar Litinin da Talata. Jiya da yamma iska ta juyo da sanyi, aka yi tsawa biyu, ruwa ya sauko, yara suka fito suna tsalle. Kafin in gama alwala ya ɗauke. Yau da safe mutum uku sun zo ƙofata suna cewa tun da damina ta sauka a buɗe ɗakin a fito da sauran, na ce su je su nemi mai ɗaya makullin, sun tafi suna gunaguni, na kuma san za su dawo da yawa fiye da haka. Da suka tafi na ɗauki sandata na lallaba zuwa gonar da ta rage a bayan makaranta. Na daɗe kafin gwiwoyina su yarda in tsuguna. Na soka yatsana a ƙasa na zaro.

Danshin ya tsaya a gaɓar farko.

Ya Allah, Kai ke saukar da ruwa bayan an yanke ƙauna. Ka jiƙan Baba Tanko, Ka gafarta mini gaggawata, Ka ba hannun Iya Mairo ƙarfin riƙe makullin nan.